Bashiru, Ɗan da Ban Haifa Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin wata Asabar a Garwa, saura kwana shida a ɗaura mini aure, ina durƙushe a zauren surukaina ana tambayata inda na ɓoye ɗana. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, ban taɓa aure ba balle haihuwa. Amma ga shaida nan zaune a gefena, dattijo mai furfura, yana rantsuwa cewa yaron sunansa Bashiru, yana aji biyu a firamare, kuma ya taɓa kwanciya da ƙyanda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dattijon bai ƙara ko kalma ɗaya daga kansa ba. Duk ni na gaya masa.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane yadda tuzuru ya samu ɗa ɗan aji biyu.

Mu 'yan kasuwa ne kaka da kakanni. Kakanmu ya zo Garwa daga ƙasar Kano da fataucin goro, Baba kuma ya koma sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ni ne na farko a gidanmu da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, saboda haka aka tura ni jami'a a Ngaoundéré da addu'o'i da buhun gari. Na yi shekara biyu na dawo ba takarda, sai wata cuta da na kwaso wurin wani ɗan Duwala da muka zauna ɗaki ɗaya. Shi ya fara sa mini kaset ɗin wani kiɗan Turawa da ake ce wa kiɗan ƙarfe. In ba ku taɓa ji ba, ku tuna ƙarar injin markaɗe idan tsakuwa ta shiga, sannan wani ƙato ya dinga gurnani a kai kamar an taka masa wuya. Ranar farko na haɗa shi da Allah ya kashe. Kafin wata ya zagayo ni ke tashinsa da shi da safe (har yau ban san abin da mawaƙan ke cewa ba, kuma ina jin hakan ya fi mini alheri).

Da na dawo na shiga shagon Baba, na san kaset mai hoton ƙoƙon kai da harshen wuta ba zai kwana a gidanmu lafiya ba. Sai na yayyage hotunan, na liƙa farar takarda, na rubuta "Darasin Ingilishi", na ɗaya, na biyu, na uku, haka har suka taru. Na sayi abin sawa a kunne. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Duk baƙon da ya zauna a shago sai ya nuna ni ya ce, "Yaron nan Faransanci bai ishe shi ba, Ingilishi yake sha a kaset. Wata rana shi zai riƙa je mana Legas sari." Ni kuwa ina bayan kanta ina gyaɗa kai da ƙarfi, shi a zatonsa darasi ne ke shiga.

Cuta ta biyu a unguwar Rumde Ajiya na same ta. Akwai wani dattijo mai gwanjo, Malam Ɗanjuma, da ke shimfiɗa leda a bakin hanya. Ban da riguna da wanduna, dilar da yake buɗewa takan zo da buhun tsofaffin kayan wasan yaran Turai. Wata Alhamis ina wucewa a kan babur na hango wani mutum-mutumin roba a cikin tarkacen. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ƙirji irin na ɗan dambe, da hular ƙarfe da gatari, ga gwiwoyinsa suna lanƙwasuwa. Kamarsa ɗaya da mutanen da na yage daga jikin kaset-kaset ɗina. Na tsaya, na ɗauka, na juya masa wuya ya yi "ƙyat". Shi ke nan, zuciyata ta tafi.

"Na yaro ne?" in ji Malam Ɗanjuma, yana duban gemuna.

Da na ce "nawa ne", da magana ta ƙare a nan, ya yi dariyarsa na yi tafiyata. Amma akwai mata biyu a gefe suna zaɓen kayan jarirai, ɗaya ma a wurinmu take sayen atamfa. Sai na ji bakina ya ce, "Eh, na ɗana ne."

"Masha Allah! Yaya sunan abokin nawa?"

Na ɗaga ido ina neman agaji, na ga an rubuta suna a bayan wata motar kaya da ke wucewa.

"Bashiru," na ce.

Haka aka raɗa wa Bashiru suna a bakin titi, ba rago ba goro.

Ni a ganina magana ce ta rana ɗaya. Ban san Malam Ɗanjuma mutum ne mai zumunci ba. Duk Alhamis ranar buɗe dila sai na je, kuma kafin mu gama gaisawa ya fara: yaya abokina, an yaye shi, ya fara magana, me ya sa ba ka taɓa kawo mini shi ba? Da tambayar ƙarshen nan ta matsa mini, na ce yana Ngaoundéré wurin uwarsa. Dattijon ya girgiza kai, ya ce, "Aure rai gare shi, ɗan Alhaji, sai haƙuri." Ya ɗauka rabuwa muka yi, ni kuma na bar shi a haka. Daga nan yaro ya ci gaba da girma ba tare da shawarata ba. Ya yi haƙora, ya shiga makarantar allo, ya shiga boko. Har na fara jin haushin kaina in na manta shekarunsa, kamar wani uban banza.

Wata shekara Baba ya aike ni Marwa da Kusiri, na yi mako biyar ban leƙa Rumde Ajiya ba. Da na dawo Malam Ɗanjuma ya ce lafiya kuwa? Maimakon in ce tafiya na yi, wadda ita ce gaskiya kuma ba ta da wani aibu, sai na ce yaron ne ya yi ƙyanda (ku tambaye ni dalili, wallahi ban sani ba, baki ne in ya saba). Fuskar dattijon ta sauya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani jarumin roba mai jikin mutum da kan kada, irin da ban taɓa gani ba, ya danƙa mini.

"Na ɓoye masa ne tun makon jiya. Ka kai masa, ka ce in ji kakansa na Rumde. Kada ka sa hannu a aljihu, kyauta ce."

Na karɓa. Kunya ta kama ni, amma kan kadan nan bakinsa har buɗewa yake yi, saboda haka na karɓa. Daga wannan shekara kuma, duk ƙaramar Salla sai ya ware wa Bashiru riga mai kyau daga dila, kowace ta ɗan fi ta bara girma. Ba na iya ba wa yaran unguwa, don kada wata rana ya ga rigar a jikin wani. Ba na iya jefarwa. Sai na ninke na sa a kwali ɗaya da jarumaina, waɗanda a shekara shida suka kai arba'in da bakwai. Kowa da sunan da na ba shi: na farkon nan shi ne Sarkin Ƙarfe, kyautar ƙyanda shi ne Kan Kada, akwai Gurgu Mai Takobi da ya zo daga Turai da ƙafa ɗaya. Ranar Lahadi bayan azahar nakan kulle ɗaki, in jera su a kan tabarma sahu biyu, in sa kiɗa a kunne, a gwabza. Mutum mai gemu, mai makullin shago a aljihu.

Ana haka na haɗu da Rakiya, malamar firamare, mai dariya da saurin fushi da saurin hucewa. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ƙanensa Baffa Hammadu ne ya riƙe ta, dillalin shanu ne da ke yin rabin shekara a Meiganga. Na gaya wa Rakiya duk abin da ake ɓoyewa: cewa jami'a ce ta kore ni ba ni na bar ta ba, cewa ina tsoron kare, cewa ban iya canza tayar mota ba. Kwalin nan ne kawai na kasa. Na ce a raina in an gama biki zan san yadda zan yi da shi.

To, a al'adarmu kafin ranar jere, matan dangin amarya sukan zo ganin ɗaki, su auna inda gado zai zauna da inda za a sa kabad. Na shirya musu tsaf. Na share, na yi fenti, na ɗora kwalin a kan tsohon kabad ɗina, na lulluɓe da bargo, na tafi shago hankali kwance. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Goggo Laraba, ƙanwar Baffa Hammadu, wadda in ta shiga ɗaki har ƙarƙashin gado sai ta leƙa sun gaisa. Ta ce kabad ɗin nan ya tsaya a wurin gadon 'yarta, a matsar da shi. Mata huɗu suka sa kafaɗa. Innata ta ce da ta ji ƙarar daga tsakar gida ta zaci kwanuka ne suka zube. Ta shigo ta tarar da jarumai arba'in da bakwai warwatse a ƙasa, da kaset goma sha huɗu, da rigunan yaro guda biyar, daga ƙarama zuwa babba.

"Hajiya, akwai yaro a gidan nan ne?" in ji Goggo Laraba.

Inna ta ce babu, autanmu ma ya yi gemu. Goggo Laraba ta durƙusa. Ta tattara komai ta mayar cikin kwalin, ta ɗora a kai, ta ce za su ɗan duba. A Rumde Ajiya take zaune, ta kuma san mutum ɗaya ne ke sayar da irin waɗannan a duk unguwar. Washegari da safe ta ɗauki Kan Kada ta kai wa Malam Ɗanjuma, ta ce ko ya san wannan. Bawan Allah, da zuciya ɗaya, ya washe baki.

"A'a! Ai na abokina ne Bashiru, jikan Alhaji mai atamfa. Ni na ba shi lokacin da ya yi ƙyanda. Yana Ngaoundéré wurin uwarsa. Kin san shi ne?"

Ku tuna shekara biyu na yi a Ngaoundéré, ku kuma tuna shekarun yaron. Goggo Laraba ba ta yi boko ba, amma ta ƙirga da yatsu komai ya zauna daidai.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Garwa ba. Da yammacin Juma'a saƙo ya shigo mini daga Rakiya, layi ɗaya: "Ka gaishe da Bashiru da mamansa." Na kira, a kashe. Na sake kira har batir ya mutu. Ranar Asabar bayan la'asar Baba ya rufe shago da kansa, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa, ya ce in shiga mota. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan Baffa Hammadu.

A zaure muka same su. Baffa Hammadu, dogo siriri, zaune a kan buzu da rawaninsa, ga rediyonsa mai kaset a gefe wanda ba ya rabuwa da shi. Malam Ɗanjuma a gefe guda, ya sa rigarsa ta Juma'a. Kwalina a tsakiya kamar gawa. A bayan labulen ƙofar shiga gida ina ganin ƙafafun Goggo Laraba, da wasu ƙafafun masu lalle da na sani sarai. Na durƙusa.

"Ɓingel am," in ji Baffa, wato ɗana da Fulatanci, "ni ba na son dogon zance. Yarinyar nan amana ce a hannuna, ɗan'uwana ya bar mini ita. Ɗan Adam yana kuskure, Allah yana yafewa. Ɓoyewa ce ba na ɗauka. Wolwu goonga, faɗi gaskiya. Ina yaron, kuma wace ce uwarsa?"

A nan zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata. Wallahi na tsaya na auna. Namiji ya haifi ɗa a waje, abin kunya ne babba, amma Garwa ta taɓa jin irinsa, akwai wurin ajiye shi, za a yi surutu a gaji. Amma ƙato ɗan shekara talatin da ɗaya yana kulle ɗaki yana wasa da mutanen roba, wannan ko sunansa babu a garin nan. Na kusa in ce uwar ta koma Bertoua da shi, a wuce wurin. Har na buɗe baki. Sai na ji an ja hanci a bayan labule, irin jan hancin wanda ya kwana biyu yana kuka. Sai na fasa.

"Baffa, babu yaro," na ce. "Kayan nawa ne."

"Rigunan?"

"A'a. Mutanen."

"'Yan tsanan?" in ji Goggo Laraba daga bayan labule.

"Ba 'yan tsana ba ne, Goggo, jarumai ne." (Ku duba fa, aurena na rawa, ni ina kare mutuncin roba.)

Na kwashe labari tun daga motar kaya na faɗa musu. Ina gamawa Malam Ɗanjuma ya matso, ya kama hannuna, idonsa ya kawo ruwa.

"Haba ɗan Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kada ka yi musun ɗanka saboda aure. Yaro ba shi da laifi. In riƙonsa ne ya gagare ka, ka kawo mini shi, wallahi zan riƙe."

Ka ga inda ƙarya ta kai ni. Na faɗi gaskiya karon farko a shekara shida, an ce ita ce ƙaryar.

Baffa Hammadu ya gyara zama. "Shekara talatin ina cinikin shanu," ya ce. "Wanda ya ce mini ya sayar wa maƙwabcina saniya mai ciwo, ba na sayen tasa a ranar. Ko dai ka yi wa dattijon nan ƙarya shekara shida, ko kana yi mini yanzu. Bon, shi ke nan. Kawo hujja. In babu, Alhaji, ka yi haƙuri, mu dakatar da maganar Juma'a."

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar.

Hujja ina da ita, tana cikin kwalin, kuma da na mutu gara kada kowa ya ji ta. Makonni uku kafin nan, wata Lahadi, na yanke shawarar yin yaƙin ban kwana tunda zan zama magidanci. Na ce abu mai tarihi irin wannan bai kamata ya wuce ba a adana ba. Na aro rediyon Inna na sa kiɗa a ciki, na danna nawa yana ɗauka. Kaset ɗin shi ne Darasin Ingilishi na goma sha huɗu. Na rarrafa na ciro shi, na miƙa wa Baffa.

"A sa wannan."

"Ingilishi za ka koya mana?" in ji Baffa.

"Ai ya iya sosai," Baba ya ce a hankali, don ko a cikin wannan hali bai fasa alfahari da ni ba.

Baffa kunnensa ya ɗan yi nauyi, don haka rediyonsa kullum a ƙure yake. Ya danna. Ganguna da jita suka fashe a zauren nan gaba ɗaya. Baffa ya zabura ya ce, "A'uzu billahi!" Malam Ɗanjuma ya dafe hularsa. Awakin gidan suka hau kuka, wani mai babur da ke wucewa ya tsaya ya leƙo. Baba ya ɗago kai ya dube ni.

"Wannan shi ne Ingilishin?"

Kafin in amsa, sai ga muryata a kan kiɗan, na kumbura ta iya ƙarfina:

"Jama'a! Yau ce ranar ƙarshe a filin tabarma! Ga Sarkin Ƙarfe, gagara badau, mai gatarin da ba ya kwana da yunwa! Ga Kan Kada, ɗan kogin Binuwai, wanda ya ci mutum dubu bai sha ruwa ba!"

Daga nan na sauya murya, na koma Kan Kada, ina gurnani daga maƙogwaro: "Grrraaa! Yau zan tauna hularka!" Sai na koma Sarkin Ƙarfe: "Ƙarya kake, ɗan ƙadangare!" Sai ƙarar roba tana gwaruwa da roba, da ni ina yin "fiuuu" da "dishhh" da baki. Gurgu Mai Takobi ya shigo ya yi jawabi mai taɓa zuciya game da ƙafarsa da ya bari a Turai. Na so ƙasa ta tsage. Na kafa ido a kan wata tururuwa da ke tafiya a bakin tabarma, ina yi mata hassada.

Can sai aka ji bugun ƙofa a cikin kaset ɗin, da muryar Inna tar:

"Kai! Tela ya kawo babbar rigar angoncin, fito ka gwada. Wai da wa kake faɗa a ciki?"

"Bita nake yi, Inna! Darasi ne!"

Sannan, ƙasa-ƙasa, da muryar Kan Kada: "Ka ci sa'a, ya kai Sarkin Ƙarfe. Za mu ƙarasa bayan an gwada riga."

Baffa ya kashe rediyo. A bayan labule aka fara wani sauti, na zaci kuka ne, ashe Rakiya ce dariya ta ci ƙarfinta, har na ji ta zame ta zauna a ƙasa, Goggo na ce mata, "Ke, ba ki da kunya? Tashi!" alhali ita ma muryarta na rawa. Baffa Hammadu, mutumin da aka ce ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya ja bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi. Ya daɗe a haka kafin ya sauke, ya share ido, ya juya wurin Baba.

"Alhaji, an gano yaron. Ga shi nan durƙushe da gemu. Juma'a tana nan yadda aka sa."

Baba bai yi dariya ba tukuna. "Shekara takwas ina gaya wa mutanen kasuwa ɗana yana shan Ingilishi," ya ce. "To faɗi kalma ɗaya da Ingilishi in ji." Ni kuwa abin da na iya a harshen nan gurnani ne kawai.

Na ɗauka kunyata ta ƙare a nan, ashe babbar tana gaba. Malam Ɗanjuma ne kaɗai bai ko murmusa ba. Ya jawo kwalin, ya ciro rigunan nan biyar, yana ninke su ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarsa kamar yadda yake yi a bakin hanya.

"Wato babu shi," ya ce.

"Babu shi, Malam. Ka gafarce ni."

"To wa nake yi wa addu'a duk asuba?" Ya shafa ƙaramar cikinsu. "Ɗana na fari ƙyanda ce ta ɗauke shi. Shi ya sa da ka ce mini ƙyanda, na kasa barci sai da ka dawo ka ce ya tashi."

Kaset ɗin nan ya sa na ji kunyar mutane, wannan maganar kuwa ta sa na ji kunyar kaina, kuma ta fi zafi nesa ba kusa ba. Na kama ƙafarsa ina ba shi haƙuri, yana cewa ba komai, ba komai, irin ba komai ɗin da ke nufin akwai komai. Ya miƙe da rigunan a hammata zai tafi, sai aka yi ƙus-ƙus a bayan labule, Goggo Laraba ta leƙo da kai.

"Malam, yarinya ta ce don Allah ka bar rigunan. Wai a ajiye mata." Ta harare ni. "Mara kunya ta samu mara kunya, Allah ya haɗa."

Dattijon ya tsaya, ya dubi labulen, ya dube ni. Sai ya mayar da rigunan cikin kwalin, ya ce Allah ya kawo mai sawa.

An ɗaura aure ranar Juma'a. Abokaina sun ji labari kafin a raba goro, har yau a kasuwa akwai masu kirana Kan Kada. Bayan shekara biyu Rakiya ta haifi namiji, ban ma buɗe baki a kan suna ba, Baba ya ce sunan ai akwai shi tuntuni, ragon ne ba a yanka ba. Ranar suna Malam Ɗanjuma ya zo da sassafe ya zauna a sahun gaba, aka miƙa masa jariri ya daɗe yana kallo, ya ce, "Abokina, ka sha hanya." Bashiru ya sa rigunan nan biyar ɗaya bayan ɗaya har ya fi ƙarfinsu.

Abin haushin, yaron nan ko kallon jarumaina ba ya yi. Ƙwallo kawai ya sani. Na taɓa sa masa kiɗan ƙarfe ya tambaye ni ko rediyon ya lalace ne. Su Sarkin Ƙarfe suna nan a kabad mai gilashi a falo, Rakiya ta ba su layi ɗaya a ƙarƙashin kwanukanta, in baƙi sun tambaya takan ce, "Na babban yaron ne," ta nuna ni.

Abin da na koya bai da yawa. In ta kama dole sai ka yi ƙarya, kada ka raɗa mata suna, don za ta yi haƙora, ta shiga makaranta, wata rana ta zo neman ubanta a gaban surukai. Ban daina zuwa Rumde Ajiya ranar Alhamis ba. Na taɓa ganin wata ƙaramar ƙwallo a ledar Malam Ɗanjuma, na ɗauka na ce masa, da gaskiyata karon nan, "Ta Bashiru ce." Ya karɓa ya sa a leda, ya dubi gemuna da ya fara furfura.

"Wanne daga ciki?" ya ce.